Fuskar 'Yardada a Kalanda

Dukawuya, Kano
9 ga Rajab

Zuwa ga mahaifina abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da abokan zamanka na Shagamu, can ƙasar Kurmi. Yaya kasuwar goro, yaya kuma kunnen? Ina fata kana ɗiga maganin, ba a aljihun babbar riga ka mance shi ba kamar na bara. Mu nan duk lafiya ƙalau. Umma tana gaishe ka da kyau.

Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muke ƙarewa: ni ina ihu a tsakar gida har maƙwabta su san cikinmu, kai kana ta “na'am, na'am” alhali ba abin da ka ji. Shi ya sa na zauna na rubuta. Zan ba Mailafiya direba gobe in zai taso da motar goro.

Albishir tukuna, don kada ka ce ban iya kawo labari ba sai na ɓacin rai. An sa ranar saukar 'Yardada, ashirin ga Sha'aban in Allah ya kai mu. Mahaifiyarka ta sauke Alƙur'ani, Baba, tana da shekara saba'in da takwas. Shekara bakwai ke nan tana dogara sanda daga nan zuwa Islamiyyar matan aure ta Ƙofar Na'isa, ko ana ruwa ko ana rana. Waɗanda suka fara tare da ita duk ta haife su, kuma rabinsu sun gudu tun a izu goma. Ranar da ta kai ƙarshe, sai kawai ta aika aka sayo alewa ta raba wa mutanen gida.

To, ka san yadda ake yi yanzu. Duk mai sauka, danginta su buga kalanda da hotonta su raba ranar walima. Ƙaninka Baffa Salihu ya raba aiki. Ya ba ɗansa Yaya Hashim harkar bugawa, ni kuma ya ba ni ɗaukar hoto, tunda ni ce mai kyamarar da ka aiko mini. Ba zan ɓoye maka ba, kaina ya kumbura. Shekara biyu ina ɗaukar ɗalibaina a makaranta da 'yan biki a unguwa, kowa yana cewa Malama Bahijja ta iya.

Ka san halin mahaifiyarka da hoto. Sai da aka yi kwana uku ana lallashi kafin ta yarda. Na shiga na same ta a bakin gadon ƙarfenta, ta saka farin hijabin sauka, taga tana bayanta, ga shi an ɗauke wuta. Na ga ɗakin ya yi duhu, amma wa ya isa ya ce wa 'Yardada tashi ki koma can? Na durƙusa na ɗauki ɗaya a haka. Na ce bari in ƙara da filash. Ina dannawa ta zabura, ta ce, “A'uzubillahi, walƙiya a ɗaki babu hadari? Tashi ki ba ni wuri.” Shi ke nan zaman ya ƙare, hoto biyu na samu. A na farko ba a ganin komai sai farin hijabi da baƙi a tsakiya. A na biyu idonta a rufe yake, goshin da ta shafa wa man kaɗanya yana ta ƙyalli. Na ba Yaya Hashim na farkon, ya ce kada in damu, za a gyara a kwamfuta.

Jiya ya kawo samfur. Baba, da na san abin da yake nufi da gyara ke nan da na haɗiye kyamarar. Wata farar mata ce a jikin takardar, ba za ta wuce shekara arba'in ba, fuska sumul. Babu billen 'Yardada, babu 'yan bakanta, babu tamoji ko ɗaya. An ja mata hanci, an ranbaɗa mata kwalli, har da jan baki. A ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: Malama Nana Hauwa 'Yardada. Wannan matar ko a hanya 'Yardada ba ta taɓa gamuwa da ita ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, matan gida sai tubarkalla suke yi, ana miƙa takardar hannu zuwa hannu. Na ce wannan ba kakarmu ba ce. Yaya Hashim ya dube ni a gaban kowa ya ce, “To ke me kika ba mu? Hijabi da rami.” Aka fashe da dariya, har da Baffa. Na shige ɗaki ban ci tuwon dare ba.

Kwafi ɗari uku za a buga. Za ta shiga kowane gida a Dukawuya da gidajen dangi na nesa. 'Yardada ba ta da wani hoto a duniya sai ɗan na katin zaɓe, wanda ita ma ba ta gane kanta a ciki. Jikokin da ba a haifa ba tukuna, wannan baƙuwar za a nuna musu a ce ga wadda ta sauke Alƙur'ani da tsufanta. Ni ban yarda ba. Kai ne babba, Baffa ba ya tsallake maganarka. Don Allah ka aiko masa ya dakatar da bugawar.

Ka gaishe mini da Alhajin rumfarku. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Bahijja


Dukawuya, Kano
18 ga Rajab

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kana lafiya, da kasuwa da jiki. Saƙon goro ya iso, 'Yardada ta zaɓi farare ta ɓoye, ta bar wa mutane jajaye. Umma ta ce a gode.

Takardarka ma ta iso, na karanta ta sau uku. Ka ce in yi haƙuri, Hashim yayana ne, kada in ɗaga masa murya a gaban mutane. Na ji, kuma zan kiyaye. Sai dai ban ga inda ka ce shi ma kada ya mai da ni abin dariya a gaban mutanen ba. Wataƙila takardar ce ta ƙare.

Layinka na ƙarshe shi ya hana ni sukuni. Ka tambaya, shi hoton da na ɗauka, fuskarta ta fito? Ka san amsar, shi ya sa ka tambaya. Ba ta fito ba. An ce laifi tudu ne, ni kuwa na taka nawa ina hango na Yaya Hashim. Da na ba su fuska, da mai kwamfuta bai ƙirƙiro wata ba. Rami na ba shi, ya cika shi da abin da ya ga dama. Na yi kwana biyu ina jin haushinka saboda wannan tambaya, yanzu haushin ya dawo kaina. Shekara biyu ina yawo da kyamara a wuya ana kira na mai hoto, ashe rana ce take yi mini aikin. Duk hotunan da aka yaba mini a fili na ɗauke su. Ranar farko da aka sa ni a ɗakin ƙasa mai taga ɗaya, asirina ya tonu.

Saboda haka na ɗaura niyya. Zan koyi haske, in san inda yake fitowa da inda yake sauka, ko da zan daina komai in ban da zuwa makaranta. Na gode da ka sa Baffa ya dakata. Ya ce ya ba ni zuwa Juma'a, goma ga Sha'aban. In na kawo hoto mai kyau a yi da shi, in ban kawo ba a buga na Hashim.

Na fara da waya, na kalli masu koyarwa har katina ya ƙare. Duk Turawa ne a manyan ɗakuna, da fitilu masu lema, kowace fitila ta fi albashina. Abu ɗaya na tsinta a wurinsu: kyamara takan auna abin da ya fi haske a gabanta ne ta bi shi. Ke nan farin hijabin da tagar ta bi, ta bar fuskar a duhu. Amma ba wanda ya ce ga yadda za ka ɗauki baƙar tsohuwa a gidan da wuta take zuwa sau biyu a mako. Na koma gwaji da baƙar tukunyar Umma, na yafa mata farin mayafi ina zagaya tsakar gida da ita. Umma ta ce in hoto ne ya kai ni ga yi wa tukunya lulluɓi, gara a nemo mini rubutu in sha.

Ranar Asabar na je wani shagon hoto wajen Ƙofar Ɗan Agundi, na ce mai shi ya koya mini. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Da na faɗa masa damuwata sai ya yi murmushi ya ce, “Malama, ai kowa fari yake so. In na ba mace kalarta, ba za ta dawo ba.” Ya nuna mini a kwamfuta yadda yake yi, ya ja wani abu da ɗan yatsa, wata amarya ta washe a gaban idona. Na duba bangon shagon, hotuna sun fi hamsin, babu baƙi ko ɗaya, sai ka ce ba a Kano aka ɗauke su ba. Na yi godiya na fito raina a ɓace.

A hanya na riƙa tunanin abin da ban faɗa maka ba a takardar farko. Duk gidanmu ni na ɗebo kalar 'Yardada, ni da kai. Tun ina ƙarama nake jin “baƙa ce amma tana da kyau,” kuma wannan amma ɗin ban taɓa manta ta ba. Ranar da matan gida suke tubarkalla a kan samfur ɗin nan, ina tsaye a wurin da irin fuskar da aka goge. In fuskar mahaifiyarka abar gyara ce, to tawa fa? Taka fa? Ba rigimar kalanda kaɗai nake yi ba, Baba, ka fahimce ni.

Ita kuwa mai fuskar, an kai mata samfur ta duba, ta ce Allah ya yi albarka, ta miƙo. Ba wanda ya san abin da ke ranta.

A gaida mutanen arziki. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka mai jin maganarka,
Bahijja


Dukawuya, Kano
2 ga Sha'aban

Babana,

Assalamu alaikum. Da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mailafiya ya ce ya same ka da mura, ina fata ta sake ka. Nan kowa lafiya, ana ta shirin walima, an fara suyar cincin.

Wannan takarda gajeriya ce, ina da jarrabawar ɗalibai da zan duba. Ina so ne ka san na samu malami, kuma ba za ka taɓa cankar ko wane ne ba. Luba ce, mai kitson bayan gidanmu, wadda ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Na je kitso ranar Lahadi da hantsi. Na ja tabarma zan shimfiɗa a ɗaki saboda sanyin ƙasa, ta ce a'a. Na ja ta tsakiyar gida, ta ce a'a. Ta nuna mini wurinta na kullum, gindin rumfar kicin, ta ce in juya in fuskanci bangon da aka shafa wa farar ƙasa. Shekara nawa nake zama a wurin nan ban taɓa tambayar dalili ba, sai ranar. Ta ce, “A ɗaki ba na ganin tsaga. A rana kuma man kai ya yi ta ƙyalli ya kashe mini ido. Nan kuwa rana ta daki bango, bango ya miƙo mini.” Baƙin gashi a kan baƙar fata take tsagawa, siriri kamar zare, shekara ashirin, ba fitila ba lema. Na ce ta tsaya, na ruga gida da rabin kai a tsefe na ɗauko kyamara.

Na ɗauke ta a nan inda take zaunar da mutane. Baba, ka ga fuska. Kalarta ta fito yadda Allah ya yi ta, ba a ƙara ba a rage ba, har ɗan tabon da ke haɓarta. Gefe ɗaya ya ɗan yi duhu, ta miƙo mini tiren da take zuba mataji da kibiya, na sa aka riƙe shi daga ƙasa, sai inuwar ta yi laushi. Tun ranar kullum ina can kafin azahar in na taso da wuri, ina gwaji a kan masu zuwa kitso, waɗanda suka yarda. Na gane hasken wurin daga hantsi ne zuwa kusan sha ɗaya, bayan nan rana ta hau kai ya lalace. Na kuma koyi tilasta wa kyamara ta auna fuska ta ƙyale hijabi.

Yaya Hashim ya ji labari. Yanzu duk inda ya gan ni sai ya ce ina ɗalibar jami'ar kitso. Ina ba shi amsa a zuci, tunda ka hana ni ta baki. Ina ƙirgawa dai.

Saura yadda za a fito da 'Yardada daga ɗaki, don ba za ta taka ƙafa saboda hoto ba. Luba ce ta warware wannan ma. Dole a yi mata kitson sauka, kuma Luba ba ta kitso sai a wurinta. Mun sa ranar Alhamis, jajiberin wa'adin Baffa. In an gama kitso zan miƙa mata hijabi tana zaune, in roƙe ta minti biyar. Zan yi mata alkawarin babu walƙiya. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani, amma ranar kaɗai nake da ita.

Ka yi mini addu'a kada a yi hadari ranar. Umma tana gaisuwa.

Taka,
Bahijja


Dukawuya, Kano
22 ga Sha'aban

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma, ina fata jiki ya yi ƙarfi. Kowa ya yi kewarka ranar walima, an kuma karɓi uzurinka. An yi taro lafiya an tashi lafiya. Ka yi haƙuri da shirun da na yi kwana ashirin. Da na rubuta a makon jiya, da takardar ba ta karantu a gaban uba ba.

Bari in faro daga ranar Alhamis ɗin. Gari ya waye tas. Luba ta yi wa 'Yardada kitso a gindin rumfa, tana ta mita ana ja mata kai. Da aka gama na miƙa mata hijabi da Alƙur'aninta, ta harare ni ta ce dama ta san da wata a ƙasa, amma ba ta tashi ba. Luba ta riƙe tire. Na leƙa kyamara. Ga bille, ga 'yan baka, ga kowane layi na goshinta, ga farin hijabi bai cinye komai ba. Na ɗauki tara, duk sun yi, sai dai a dukkansu idonta yana kan Alƙur'ani. Na roƙe ta ta ɗago, ta yi kamar da bango nake magana.

Har na fara haɗa kaya, sai ta yi tambaya, ba ni ta kalla ba, Luba ta kalla. Ta ce, “Shi wannan abin, yana zuwa har Kurmi?” Na ce mata Mailafiya yana tafiya Shagamu duk mako. Can ta gyara hijabinta, ta ɗago kai ta dubi kyamarar sosai. Na danna sau ɗaya. Ta sauke ido ta ce a miƙo mata sandarta.

Na tafi da kaina aka wanke mini shi, na tsaya a kan mai wankin don kada ya taɓa komai. Na dawo bayan la'asar ina murna, sai na tarar da a-daidaita-sahu a ƙofar gida ana sauke ɗaurin takardu. Yaya Hashim ya buga kalandar tun ranar Talata, duka ɗari ukun, da farar matarsa. Wai mai injin ya ce aiki ya yi masa yawa, in ba a buga ranar ba sai bayan salla. Baffa ya ba ni wa'adi da bakinsa, kai ka sa shi, amma ɗansa ya tsallake, kuma ko a jikinsa. Na kai wa Baffa hotona, ya duba, ya ce lallai ya yi kyau, amma aikin gama ya gama, ba za a zubar da takarda ɗari uku ba. Baba, na ɗaga murya. Na san ka hana, ka yafe mini, amma na ɗaga, kuma har yau ban yi nadama ba.

Na wuce ɗakin 'Yardada da hoton a hannu ɗaya, kalanda a ɗaya. Na tabbata in ta ga kanta za ta buga sanda a ƙasa ta ce a ƙona waɗancan, kuma ka san in ta faɗa ta zauna. Ta karɓi hoton ta matsa bakin ƙofa ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗaga matashi ta tura shi ƙarƙashi, ta ce a raba kalandar yadda take. Na ce ai ba ita ba ce a jiki. Ta ce takarda ce, bango za ta ci. Wannan ya fi na Hashim yi mini ciwo. Wata guda ina faɗa da gida guda saboda fuskarta, na zagaya da tukunya, na zama abin tsokana, ita kuma ta zaɓi baƙuwa. Na ce a raina ashe ita ma farin take so. Na yi kuka, na kuma rantse hannuna ba zai raba ko ɗaya ba, ban kuwa raba ba.

Ranar walima abin da na faɗa ya faru. Ina ji da kunnena wata 'yar ajinsu tana tambaya ko 'yar 'Yardada ce a jiki, wata kuma ta ce an yi kuskure an kawo ta wani gida. Yaya Hashim yana ta zirga-zirga da sabuwar shadda kamar shi ya yi saukar. Amma da aka kira sunanta ta karanta nata rabon, murya tana rawa, ba ta yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba, na manta da kowa. Mata suka yi ta share hawaye da bakin mayafi. Da ka ji, ko da kunnen nan naka, da ka ji.

Jiya da safe ina shirin makaranta 'Yardada ta aiko a kira ni. Kwana goma sha ɗaya rabona da zama a ɗakinta, gaisuwa kawai nake yi daga ƙofa. Ta ce in zauna, fushin ya isa haka, kada in tsufa kafin ita. Ta ɗaga matashi ta ciro hoton. Ta riga ta naɗe shi a cikin kallabinta mai ruwan ƙasa, ta ƙulle dabino bakwai na walima a gefe. Ta juya fuska wajen bango ta ce, “Waccan ta mutane ce, su rataye. Wannan ba ta bango ba ce. Ki ba direban nan ya kai wa mutumin Kurmi.”

Kai ne ɗan farinta. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. In ka zo gida ka durƙusa gaishe ta, gefe take kallo ta amsa a gajarce, ta hau tambayar Baffa labarin awaki. Da na faɗa wa Umma, ta ce shekara talatin tana gidan nan ba ta taɓa ganin ta dube ka ido da ido ba, kuma tsofaffi sun ce haka take tun kana zanen goyo. Ni ina can ina faɗa a kan gidaje ɗari uku, ita mutum ɗaya ta ɗago wa kai.

Kada ka ɗauka na huce. Ban yafe wa Yaya Hashim ba, sai ya zo ya ba ni haƙuri a gaban waɗanda suka yi dariya. Duk gidan da na shiga na ga matar nan a bango sai raina ya ɓaci, kuma haka zan yi ta ganinta har shekara ta ƙare. Koyon haske ma ban daina ba, Luba ta ce har yanzu hannuna da saura.

Kallabin yana wurin Mailafiya tare da wannan takarda, na gargaɗe shi kada ya ɗora masa kaya. Don Allah kada ka kwance shi a rumfa a gaban mutane. Ka bari sai ka koma masauki, ka zauna a bakin ƙofa inda haske yake shigowa, sannan ka buɗe. Kai take kallo, Baba.

Umma tana gaisuwa, Baffa ma. Allah ya kai mu azumi lafiya, ya dawo mana da kai gida.

'Yarka,
Bahijja